Yadda Za Ka Sa Kwamfuta Ta Gane Taurin Siririn Ƙarfe

Watan jiya salulata ta daina caji, na kai ta gyara Banex Plaza da ke Wuse 2. Yaron da ya karɓa ya kwance ta, ya shimfiɗa allon cikinta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya leƙa, ya ce wata hanya ce ta yanke, sai an yi mata gada. Ya jawo wani ɗan kwarkwaro na zaren jan ƙarfe, wanda suke kira jamfa. An rubuta 0.02 a jikinsa, wato milimita 0.02, maikiron 20 ke nan. Gashin kan mutum yakan kai maikiron 70. Ya kama zaren da hantsaki, ya lanƙwasa, zaren ya ɗan buɗe. Ya sake lanƙwasawa, ya danne da bakin hantsakin har ya kwanta, sannan ya ɗiga masa dalma. Bai ɗago kai ba ya ce, "Injiniya, abin nan da ƙyar ido ke ganinsa, amma akwai gardama."

Maganar ta zauna mini, don gardamar nan ita ce aikin da nake yi shekara da shekaru. A 1994 Norman Fleck na Jami'ar Kambirij, tare da Muller da Ashby da Hutchinson, sun ɗauki zaren jan ƙarfe masu kauri daga maikiron 12 zuwa 170. Da suka ja su a miƙe, bambancin ƙarfinsu bai taka kara ya karya ba. Da suka murɗa su, kamar yadda ake murɗa igiya, sai siririn cikinsu ya nuna taurin da ya kai kusan ninki uku na mai kaurin, bayan an cire bambancin girma daga lissafi. Ƙarfe ɗaya ne. Zaren yaron Banex yana tsakiyar wannan zangon.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani shi ne wani ɗalibina da ya zo ofis da kwamfutarsa a buɗe. Ya zana sandar jan ƙarfe a Abaqus, wata manhajar lissafin injiniya, ya murɗa ta, ya samu layin sakamako. Ya rage girmanta sau dubu, ya sake murɗawa, layin ya hau kan na farko daram. Ya ce, "Malam, ko manhajar ce ta samu matsala?" Lafiyarta lau. Dokar lanƙwasar dindindin da ke cikinta, wadda ta samo asali daga von Mises, tana haɗa matsi da miƙewa ne kawai. Miƙewa kuwa tsawo ne aka raba da tsawo, ba ta da mita, ba ta da maikiron. Babu inda girma zai shiga. Ko gadar sama ka ba ta, ko jamfar Banex, amsa ɗaya za ta ba ka. Duk aikin da zan bayyana a ƙasa hanya ce ta shigar da tsawo cikin lissafin, tare da sanin dalilin shigarsa.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka mu fara da abin da ke faruwa a cikin ƙarfen. Atam-atam na jan ƙarfe a jere suke sahu-sahu. Wanda ya taɓa yin huɗa ya san idan gona ta fi faɗi a gabas kan yamma, ko ta bi kwanar rafi, kunyoyi ba za su tafi duka daga wannan baki zuwa wancan ba. Dole ka cusa guntuwar kunya wadda za ta ƙare a tsakiyar gona. Bakin inda sahun atam ya ƙare a tsakiya shi ake kira disilokeshan. Ni a aji ina ce masa layin goce. Taylor da Orowan da Polanyi, kowa da kansa, suka kawo bayaninsa a 1934. Idan aka matsa ƙarfe, layukan nan ke tafiya, kuma tafiyarsu ce lanƙwasar da ba ta komawa. Kowane layi ya wuce, yana gusar da sahun taki ɗaya. Tsawon takin shi ne b, a jan ƙarfe nanomita 0.256, a nikel 0.249 (nanomita dubu ne maikiron ɗaya).

Idan layukan sun yi yawa sai su sarƙe, su hana juna wucewa, ƙarfe ya yi tauri. Shi ya sa maƙeri yake mayar da ƙarfe wuta idan ya sha guduma, don ya warware sarƙiyar. Taylor ya rubuta abin haka: τ = α G b √ρ. A nan τ shi ne matsin da ake buƙata kafin sahu ya goce, ρ yawan layuka ne a murabba'in mita, G taurin ƙarfen ne wajen gocewa, α kuma lamba ce da ke tsakanin 0.2 da 0.5. A 1970 Ashby ya raba layukan gida biyu. Akwai waɗanda suka sarƙe don sun yi kiciɓis da juna a hanya. Akwai kuma na dole, irin guntuwar kunyar nan, waɗanda siffar lanƙwasar ce ta tilasta su, saboda wani ɓangare ya miƙe fiye da maƙwabcinsa. Bambancin miƙewa daga wuri zuwa wuri shi nake kira gangaren miƙewa, kuma shi yana da tsawo a cikinsa.

Kafin ka taɓa kwamfuta, yi wannan lissafin a takarda. Ɗauki fallen nikel mai kaurin milimita 1, ka lanƙwasa shi har fatarsa ta miƙe kashi 1 cikin 100. Lanƙwasar ita ce ninki biyu na miƙewar fata a raba da kauri, ta ba ka 20 a kowace mita. Raba da b, ka samu layukan dole biliyan 80 a murabba'in mita. Ƙarfen da aka gasa ya huce yana ɗauke da biliyan 10 zuwa tiriliyan 1 tun kafin a taɓa shi, kuma da an fara lanƙwasa shi suna ƙaruwa, saboda haka biliyan 80 sun ɓace a cikin taro. Yanzu mayar da kaurin maikiron 10, miƙewar fata tana nan yadda take. Layukan dole sun zama tiriliyan 8. Su ne masu gari yanzu. Stölken da Evans sun ga haka da idonsu a 1998, da fallayen nikel masu kaurin maikiron 12.5 da 25 da 50. Ina tilasta wa kowane ɗalibi wannan lissafin, domin a minti biyar zai gaya maka ko aikinka na buƙatar duk wahalar da ke gaba. Idan abinka ya haura maikiron 100 da nisa, yawanci tsohuwar doka ta ishe ka.

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi tsallakewa: a gwajin da kake son kwaikwaya, akwai gangaren miƙewa ko babu? Murɗawa, lanƙwasawa, danna tsini cikin ƙarfe, bakin tsaga, duk suna da shi. Amma a 2004 Uchic da Dimiduk da Florando da Nix sun sassaƙa ƙananan ginshiƙai na nikel da hasken ayon, suka danne su daga sama a miƙe, inda kusan babu gangare, duk da haka ƙananan suka fi ƙarfi. Greer da Nix suka biyo baya da ginshiƙan zinare. Dalilin a nan daban ne. Ginshiƙin ya yi ƙanƙantar da layukan ke ficewa ta fata kafin su hayayyafa, kuma mahaifar layuka da ta rage a ciki gajeriya ce, sai da matsi mai yawa take aiki. Wanda ya ɗauko dokar gangare ya ɗora a kan ginshiƙi ba zai ga komai ba, ko kuma ya matsa wa lambobi har su faɗi abin da yake so. Na ga rubuce-rubucen digiri na biyu da suka faɗa wannan ramin, kuma abin yana damuna, don aikin wata shida ne ya tafi a kan tambayar da ba a yi ba tun ranar farko.

Amsar tambayoyin biyu ita ce za ta zaɓa maka kayan aiki. Daga maikiron 1 zuwa 100, idan akwai gangare, hanyar raga ce, wadda ake taƙaitawa FEM, wato a yanka abin zuwa ƙananan idanu kamar na raga a lissafa kowanne, tare da dokar gangaren miƙewa. Daga nanomita ɗari-ɗari zuwa 'yan maikiron, inda layukan ƙirgaggu ne, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa da nanomita 50 ko makamancin haka, atam ɗin kansu za ka bi. Kada sha'awar hotunan atam masu launi ta ja ka. A nanomita ɗaya ta kowace fuska akwai atam kusan 85 na jan ƙarfe, wato ɗan dunƙule mai maikiron 1 ta kowace fuska yana da biliyan 85. Kwamfutar cinyarka ba za ta ɗauka ba.

Aikin farko da nake ba kowa bai ma buƙaci raga ba. Python da NumPy da Matplotlib sun isa, duk kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsu. Murɗa zare za mu yi. Kira rabin kaurin zaren a, kira yawan murɗa a kowane maikiron na tsawonsa κ. A nisan r daga cibiya, gocewar ita ce κ sau r: sifili a cibiya, mafi yawa a fata. Raba ta da √3 ka samu miƙewa ε. Gangaren kuwa, η, a wannan siffar daidai yake da κ a ko'ina cikin zaren, abin da ya sa murɗa ta fi komai sauƙin farawa. Dokar da Gao da Huang da Nix da Hutchinson suka fitar a 1999 daga ta Taylor ita ce:

σ = σ₀ √(ε^(2N) + l η)

σ shi ne matsin da ƙarfen ke ɗauka, N yana nuna yadda ƙarfen ke ƙara tauri, σ₀ kuma da N daga gwajin ja na yau da kullum ake samo su. Ga baƙon namu nan, l, tsawon da muke nema. Yanka rabin kaurin zobe-zobe 200. A kowane zobe lissafa σ, raba da √3 ka samu τ, ninka da 2π r² da faɗin zoben, ka tara duka. Jimillar ita ce ƙarfin murɗa, Q. Layi ashirin na rubutu sun gama wannan. Ka lura mun yi watsi da ɓangaren miƙewar da ke komawa, don haka kada ka amince da farkon layin, inda murɗar ba ta yi nisa ba.

Wajen zane ne hikimar take. Kada ka zana Q da κ kai tsaye, don kowa ya san mai kauri ya fi wuyar murɗawa. Zana Q a raba da a³ a tsaye, κ sau a a kwance. Fara da l = 0, ka gudanar da kauri biyar a maikiron: 12, 20, 30, 50, 170. Layuka biyar ɗin su hau kan juna har ka ga kamar guda ne. Idan sun rabu ko da ɗan kaɗan, akwai kuskure a rubutunka, kada ka wuce sai ka gano shi. Wannan gwajin sifili shi ne abin da na fi riƙewa a duk aikin, kuma a kowace manhaja da za ka je nan gaba, da shi za ka fara.

Sai ka kunna l. Ana ƙiyasta shi da l = 18 α² (G/σ₀)² b. Lambar 18 ta fito ne daga 3.06 na Taylor an ninka da kansa, sau 1.9 na Nye. A ce G megafaskal (ma'aunin matsi) 45,000 ne, σ₀ 400, α 0.3. Za ka samu l kusan maikiron 5. Sa N ya zama 0.2, ka murɗa har gocewar fata ta kai 0.3. Zaren maikiron 170 zai haura tsohuwar doka da kashi 2 cikin 100 kawai, na maikiron 12 kuma da kusan kashi 25. Ranar da ɗalibina ya ga layukan sun buɗe kamar yatsun hannu, siririn a sama, sai ya miƙe tsaye daga kujera.

Na bar shi ya yi murna, sannan na nuna masa kashi 25 ba ninki uku ba ne. A nan zuciya ke raya wa mutum ya ɗaga l har layi ya hau kan ɗigon Fleck. Za ka iya, amma sai ka kai shi gomman maikiron, abin da lambobin Taylor ba su ba ka ba. Su Fleck sun dace da gwajinsu da l kusan maikiron 4, amma a dokarsu gangaren yana shiga ta wata ƙofa daban, ba a ƙarƙashin alamar √ tare da taurin ba. Harafi ɗaya ne, ma'ana biyu. Evans da Hutchinson sun zauna a 2009 sun auna dokokin biyu da gwaje-gwaje iri ɗaya, kuma ya kamata ka karanta su kafin ka kwafi l daga takardar wani. Ka kuma gwada mayar da α daga 0.3 zuwa 0.5: l zai tashi daga 5 zuwa kusan 15. Lambar da ke ninkawa uku saboda zaɓin da kai ka yi, ba a rubuta ta da ɗigo uku bayan aya kamar an auno ta a sikeli.

Ƙa'idata ita ce: samo l daga wani gwaji, ka jarraba shi a kan wani. Idan kana da kauri uku, daidaita da biyu, ka ɓoye na uku, ka ga ko lissafinka zai hango shi. Idan da duka ukun ka daidaita, zane ka yi, ba hasashe ba.

Ina za ka samo gwajin? Na'urar danna tsini mai auna nanomita ba a kowace jami'a take ba, amma ɗigon da aka wallafa na kowa ne. WebPlotDigitizer zai ciro maka lambobi daga hoton jadawali. Mafi sauƙin sarrafawa shi ne na Nix da Gao, 1998: H = H₀ √(1 + h*/h), inda h zurfin da tsinin ya shiga, H kuma taurin da aka auna. Zana H² a tsaye, 1/h a kwance, za ka ga miƙaƙƙen layi. Inda ya yanki tsaye shi ne H₀², gangarensa kuma, idan ka raba da H₀², ya ba ka h*. A jan ƙarfe mai ƙwaya ɗaya, wato wanda sahun atam ɗinsa duk suka fuskanci wuri guda, sun samu h* maikiron 1.6, ma'ana a zurfin maikiron 0.2 taurin ya ninka uku. Wanda aka riga aka sarrafa a sanyi kuwa, mai cike da layukan kiciɓis, h* nasa bai kai rabin maikiron ba. Ƙasa da nanomita 100 layin yana karkacewa, dokar tana zarce gaskiya, don haka kada ka ja ta har can. Wani abin da nake faɗa wa ɗalibai don su san fagen ba na Turawa kaɗai ba ne: Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa, yana cikin waɗanda suka auna wannan tsawon a fallayen nikel, a aikin da aka wallafa a 2003.

Bayan Python ta zauna, sai raga. Hanya mafi kusa ita ce dokar da Huang da abokan aikinsa suka sauƙaƙa a 2004, wadda ake taƙaitawa CMSG. Daɗinta shi ne ba ta buƙatar sabon nau'in idon raga; a cikin dokar ƙarfen kawai gangaren ke shiga, saboda haka ana rubuta ta da harshen Fortran a UMAT, wato wurin da Abaqus ke barin ka rubuta dokar ƙarfe da kanka. Wahalar guda ce: UMAT ɗigo ɗaya take gani a lokaci guda, gangare kuwa sai an kwatanta ɗigo da maƙwabtansa. Don haka za ka ajiye miƙewar kowane ɗigon lissafi a rumbu na bai ɗaya, ka ciro gangaren daga ɗigon da ke cikin ido ɗaya. Yi amfani da ido mai ƙulli takwas. Tunda gangaren daga takin baya kake ɗauko shi, takinka ya zama ƙanana. Lambar saurin da ke cikin dokar, m, sa ta 20 ko sama. Kuma fara da gudanarwa a kan kwakwalwa ɗaya ta kwamfutar, don idan da yawa suna rubutu a rumbu guda lokaci ɗaya, lambobi na iya cakuɗewa ba tare da wani gargaɗi ba. Ka sani tun yanzu, Abaqus na ɗalibai da ake saukewa kyauta ƙulli 1,000 ne iyakarsa kuma ba ya karɓar UMAT. Idan sashenku ba shi da lasisi, kama FEniCS, ka saƙa raga da Gmsh, ka duba sakamako da ParaView. Farkonsa akwai hawa, amma kana ganin kowane layi na lissafinka.

Ma'auni ne ya taɓa cinye mini mako uku, lokacin ina digiri na uku. Abaqus ba ta san mita ko maikiron ba, lamba kawai take gani. Na zana samfurin da maikiron, amma na rubuta l = 0.005, yadda na saba a milimita. Tasirin girma bai fito ba. Na bi Fortran ɗin layi-layi, na sake rubuta ɓangaren gangare sau biyu, na fara shakkar dokar kanta. Wata rana bayan sallar asuba na zauna da takarda na rubuta ma'aunin kowace lamba a gefenta, nan take ya bayyana: tsawon da na ba ta ya gaza na gaskiya sau dubu. Tun daga ranar nake liƙa 'yar takarda a jikin allo. Idan tsawo maikiron ne, matsi megafaskal, to ƙarfi maikironiyuton ne, l kuma 5. Idan tsawo milimita ne, ƙarfi niyuton ne, l 0.005.

Raga ma tana da tarko. Idanunta a inda gangare ya fi tsanani, ƙarƙashin tsini ko bakin tsaga, su gaza l sau da yawa. Rage girmansu rabi, sake gudanarwa, sake ragewa, har sakamako ya daina motsi. Idan ba ka yi haka ba, girman ragarka ne zai zama tsawon da ke cikin lissafin, ka ɗauka na ƙarfe ne.

Akwai abin da CMSG ba ta gani. Fallen jan ƙarfe da aka shafe fatarsa da wani abu mai tauri ya fi wanda yake tsirara ƙarfi, domin layukan goce sun iso fata sun tarar da ƙofa a rufe, sun taru. Xiang da Vlassak sun auna haka a Harvard. Don kama wannan sai manyan dokoki, irin na Gudmundson na 2004 ko na Gurtin da Anand na 2005, inda kai za ka faɗa wa kwamfuta ko fata a buɗe take ko a rufe. Yawancin ƙarfen da ke cikin kayan lantarki a lulluɓe yake ko a manne da wani abu, har jamfar Banex ma akwai shafe a jikinta, don haka tambayar ba ta ado ba ce. Amma kada ka fara da nan. Idan kuma juyin kowace ƙwaya ya dame ka, DAMASK na cibiyar Max Planck da ke Düsseldorf a Jamus kyauta ne.

Bin layuka ɗaya-ɗaya zan taƙaita. Van der Giessen da Needleman sun shimfiɗa hanyar mai fuska biyu a 1995, kuma ɗalibi mai haƙuri na iya rubuta ta da kansa. Mai fuska uku, ParaDiS na cibiyar Lawrence Livermore a Amurka, ya fi son babbar kwamfuta. Abin kiyayewa ɗaya ne: kai ke watsa mahaifar layuka a farko, kuma kowace watsawa da amsarta. Ginshiƙai na gaske ma haka suke, layinsu tsalle-tsalle yake, biyu masu girma ɗaya ba sa yin daidai. Gudanar da kowane girma aƙalla sau goma, ka nuna warwatsuwar. A ƙarafa irin su nikel da zinare, idan ka zana ƙarfi da kauri a ma'aunin log, gangaren saukar yakan kusanci 0.6.

Ga atam kuwa, manhajar LAMMPS ta cibiyar Sandia a Amurka ita ce abin da kowa ke riƙe da shi. Ɗauko dokar hulɗar atam ta jan ƙarfe da Mishin ya fitar a 2001 daga rumbun NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, gina dunƙule mai nanomita 20, atam kusan 680,000, ka buɗe sakamakon a OVITO, kayan DXA da ke ciki zai zana maka layukan goce kamar zaren taliya. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya taɓa kallon layi yana fitowa daga fata ya ratsa ya fice, ba ya sake ruɗewa da guntuwar kunya. Sai dai ka riƙe lissafin lokaci. Kowane taki femtosakan ɗaya ne, taki miliyan ya ba ka nanosakan ɗaya. Idan a cikinsa ka miƙe ƙarfen kashi 10 cikin 100, saurinka ya ninka na ɗakin gwaji sau biliyan 100. Ƙarfin da za ka karanta zai yi sama ƙwarai. Yi amfani da shi don ganin yadda abu ke faruwa, kada ka ɗora lambarsa gefen ta gwaji kamar sa'o'in juna ne. A wannan zangon ne ma dokar Hall da Petch, ta 1951 da 1953, mai cewa ƙananan ƙwayoyi sun fi tauri, take juyewa idan ƙwayar jan ƙarfe ta gaza nanomita 10 zuwa 15.

Sai maganar wuta, wadda littattafan waje ba sa yi. A gidana na Kubwa na taɓa barin aiki yana gudana kwana biyu, aka ɗauke wuta da tsakar dare, batirin inbata ya ƙare, komai ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A LAMMPS sa umarnin restart ya riƙa ajiye matsayi kowane taki 50,000; Abaqus ma tana da irinsa a saitin kowane mataki. Ka jarraba tayar da aikin daga ajiyar tun yana ƙarami, kada ka jira ranar da za ka buƙace ta. Ɗaga kwamfutar daga katifa ko kujera, zafin Abuja na watan Maris yana sa ta rage gudu da kanta.

Ɗalibin nan ya dawo makon jiya da jadawali uku: na sifili inda layuka suka haɗe, na raga inda sakamako ya daina motsi, da na hasashe. Ya daidaita l da kauri biyu, na ukun ya faɗo ƙasa da ɗigon gwaji, a fili. Ya tsaya yana jiran faɗa. Na ce ya koma takardar gwajin ya duba girman ƙwayoyin kowane zare, domin idan siririn zare ƙwayoyinsa ma ƙanana ne, to wani kaso na taurin na Hall da Petch ne, ba na gangare ba. Ya duba, ya tarar girman ƙwayoyin ba ɗaya ba ne. Yanzu yana ba kowane kauri nasa σ₀, daga gwajin ja na wannan zaren, kafin ya sake taɓa l. Ranar Litinin zai kawo sabon jadawalin.